Tara da Rabi

Nijelek ta ɗauke wuta tun magariba.
Na jingina tocila a jikin butar shayi,
takardu ɗari biyu da sha ɗaya
sun zauna kan tabarma suna kallona.
Bilbis ta yi tsit, sai injin maƙwabci.

Shugaban sashe ya raba mana ma'auni,
warƙa guda, da hatimi a gindinta:
tsari, biyar.
Hujja, bakwai.
Kyan Faransanci, shida.
Tsabta, biyu.
Ya ce, "Tiya guda ga kowa, malamai."
Na ce to.
Amma ni a rumfar hatsi na girma,
na san tiya guda ce, hannuwa ne daban:
wani ya bar tsororuwa,
wani ya shafe baki da gefen tafi.

Takarda ta farko ta same ni da sabon ido.
Ta tamanin ta same ni da ciwon baya.
Wannan ba ya cikin ma'auni.

Tambayar ita ce: me ke karya farashin albasa?

Ta tamanin da shida ta zo fes,
gabatarwa, gaɓa biyu, kammalawa,
kamar riga daga wurin mai guga.
Na shinshina, ban ji albasa ba.
Na taɓa gamuwa da jimlolin nan yau,
sau huɗu, cikin rubutun hannu huɗu,
waya guda ta shayar da su duka.
Ba ni da shaidar da zan kai gaban kowa.
Ma'auni ya ce sha huɗu.
Jan bik ya rubuta sha huɗu,
yana jan ƙafa.

Ta tamanin da bakwai
da tabon mai a kusurwa.
Namiji ya zama mace, jam'i ya rasa wutsiya,
Faransanci na ɗingishi layi bayan layi.
Amma ga rudu a bayan gida, can wajen Galmi,
ga buhu sittin an zuba a watan huɗu,
ga talatin da takwas sun fito a watan tara,
sauran sun zama ruwa da wari.
Ga Alhaji Bube dillali da ya ba da bashin taki
tun shuka na ƙasa da idon sawu,
ya yanka farashi kafin a ga kan albasa.
An ƙidaya komai, jikka bayan jikka.
Ni da na yi shekara tara ina koyar da abin nan
ban taɓa sanin lissafin ruɓa ba.

Na auna.
Tsari, biyu.
Hujja, shida, na so in ce bakwai.
Harshe, ɗaya da rabi.
Tsabta, ai ga tabon mai.
Tara da rabi.
Rabin maki tsakaninta da ƙofa.

Rabin nan yana aljihuna, ba mai gani.
Na tuna Mushe Illo a kwaleji,
da ya ba ni huɗu, ya rubuta "Sake",
na tsane shi shekara guda,
na gode masa shekara talatin.
Na kuma tuna waɗanda huɗun ta kora gida,
ba wanda ya tambaye su ko sun gode.

An naɗe sunan, an danne da ƙusa.
Ban san ko kai ba ne, ko ke.
Na bar tara da rabi yadda take,
na saɓa doka a gefen takarda,
na rubuta da Hausa:
"Ku zo ofis ran Talata.
Ku zo da lissafin nan, mu yi masa riga."

Sai wuta ta dawo ba sallama,
fanka ta tashi, ta watsa tarin,
masu sha huɗu da masu tara
suka gauraye a tsakar ɗaki.
Na durƙusa ina tsinta.
Saura ɗari da ashirin da huɗu.