Fatalwa da Filon Inna

Nefa ta ɗauke wuta ƙarfe tara da kwata.
Janareton Baba Rotimi ya yi tari sau biyu, ya kama,
muka zuro waya ta taga kamar kullum,
ɗari biyar zuwa sha biyun dare.

Yaya Sabi'u ya dawo daga mayankar Oko-Oba,
ƙanshin sabulu bisa ƙarnin jini.
Bijimi huɗu ya kayar yau, in ji shi,
ɗaya ma sai da ya ja ƙarti shida a ƙasa.
Na ce to sannu Sarkin Fawa, zauna, ga fim.

Ko minti goma ba a yi ba
ƙyaure ya yi ƙara a cikin talabijin,
filon Inna ya koma fuskar Yaya.
Ta gefen filon yake tambaya, ta tafi?
Ba ta tafi ba, ga ta nan bayanka.
Ya rafka salatin da har maƙwabta suka amsa.

Ni kuwa ina ɓare gyaɗa ina saƙe-saƙe.
Me ya sa kullum fatalwa mace ce,
farar riga, ba kitso, ba ɗankwali?
Wa ya ci amanarta? Ba mai tambaya,
kowa neman wanda zai kore ta yake.
Mai gudun ma mace ce,
taku uku ta yi tuntuɓe da iska.
Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin
mace da goyo da buhun tattasai
ta kama danfo yana tafe a Oshodi ba.

Fim ya ƙare, na jawo madanni.
Maɓallin hagu ya goge, ya ɗauki zanen yatsana.
A cikin gem sunana Dogon Agege.
Wata bakwai ina lallasa wani ɗan Surulere,
biyar da nema, wani lokaci bakwai,
yana ce min oga, yana ce min maigida,
yana roƙon in koya masa bugun kusurwa.
Ranar da na manta makirfo a buɗe
dariya kawai na yi.
Shiru.
Can sai ya ce, ƙanwata, miƙa wa yayanki.

Wane yayan?
Yana bakin ƙofa yana jiran in gama
in raka shi bayan gida da tocila.

Inna ta ce hannun mace na muciya ne.
Ban musa ba, ina tuƙa tuwo, yana gudaji.
Miyar kuɓewar da ake santi a gidan nan
Yaya ke kaɗa ta,
amma sai ya sauke labule,
kada abokan fawa su hango shi da maburgi.
In na tuna haka sai dariyata ta tsaya.
Shi ma an ɗinka masa riga
ba a gwada shi ba.

Kada in cika baki, ina da nawa tsoron.
Motar dare a Iyana-Ipaja,
maza huɗu, kujera ɗaya ba kowa,
kwandasta yana murmushin da ya wuce kima.
Ba a kiɗa kafin wannan, ba a rage haske,
ba filon da za ki ɓuya a bayansa.

Sai kuma kyankyaso. Mai tashin nan.

Sha biyu ta yi, janareto ya yi shiru,
zafi ya dawo ya zauna a inda ya saba.
Wani abu ya yi fir ya sauka a wuyana.
Ihun da na yi, sun ji shi har Pen Cinema.

Ni na riƙe tocila, Yaya ya riƙe silifa.
A aljihuna waya ta yi ƙyas,
ɗan Surulere ne:
gobe ƙarfe goma, in kin isa.