Darasin Laraba a Valparaíso

Ranar Laraba da ƙarfe biyar
nakan kwashe albasa da kwanon gishiri daga teburin kicin,
in shimfiɗa takarda mai gida-gida.
Ta tagar nan ana hango tashar jiragen ruwa,
ƙugiyoyin ɗaukar kaya sun sunkuya kamar zalɓe a gaɓa.

Renato ke fara isowa, yana haki,
don matakala ɗari da sittin da biyu ce tsakanin titi da ƙofata.
Ya ce, "Malama Eliana, tsakani da Allah,
wa sayin da kosayin suka taɓa ciyarwa?"
Na ce ni.
Shekara talatin ina awon filaye a tudun nan
kafin gwiwa ta ce ta gaji.
Na miƙa masa igiyar awo da zare mai dutse a baki:
koma ƙasa, auno nisa, auno kusurwa,
ka zo ka faɗa min tsayin gidana
ba tare da ka taka rufi ba.
Ya tafi yana ƙunƙuni.
Lambar da ya kawo ba daidai ba ce,
amma tana kusa, kuma guminsa ce.

Maite daban take.
Ba ta tambaya, ba ta musu,
sai goge takarda har ta huje.
Na zana mata da'ira, na ɗora ɗigo a bakinta, na ce bi shi:
zai hau, zai sauka, zai koma inda ya taso.
Warware tafiyarsa a kan layi,
ga tudu, ga kwari, ga wani tudun.
Shiru. Butar shayi kaɗai ke fito.
Mako uku muna ɗiban ruwa da rariya.

Ran nan ta tsaya, fensir a baki, ta ce,
"Ai Babana ne.
Kwana bakwai a ramin tagulla can Calama,
kwana bakwai a gida yana gyangyaɗi a kujera.
Nan sama, ranar da mota ta sauke shi.
Nan ƙasa, daren da Mama ke cin abinci a tsaye."
Ta rubuta sha huɗu a ƙarƙashin zanen
tun ban gaya mata sunan abin ba.
Bayanin da na kwana ina tsarawa, shafi biyu,
na ninke shi na danne da kwanon sukari.

Tanjan ce ta ƙi mu.
Renato ya danna digiri casa'in, kalkuleta ta noƙe.
Ya jijjiga ta, ya ce ta lalace.
Na ce lafiyarta ƙalau, akwai tambayar da ba ta da amsa.
Gwada tamanin da tara. Sa ɗigo, ƙara tara. Ƙara wata.
Lamba na ta kumbura, layi na ta matsowa jikin bango,
kullum saura ƙiris, bai taɓa taɓawa ba.
Ban gaya musu ɗana Gaspar, can Malmö,
shekara shida ke nan yana cewa "baɗi ina tafe" ba.
Wannan ba ya cikin manhaja.

Jarrabawa jibi ce.
Ba za a bar ni in shiga zauren ba,
mai koyar da iyo a gaɓa yake tsayawa.
Uwar Renato ta aiko da kifi biyu a madadin kuɗin wata,
Maite ta manta abin gogewarta, ko kuwa bari ta yi.

Sun gangara, fitilun tashar sun fara kamawa ɗaya-ɗaya.
Daga can ƙasa na jiyo yaron yana kwarma:
"Talatin da huɗu ce, Malama, kusurwar matakalarki!"
Talatin da biyu ce.
Na ɗaga masa hannu,
na mayar da albasa da gishiri mazauninsu.