Zuriyar Mato Mai Dagi

Ba mu da maroƙi, ba mu da kirari.
Tarihinmu yana ƙasa, gaba goma sha biyu,
inda Mato, kakan babana,
ya fara jin danshi a tafin ƙafarsa,
gabas da Jahun, shekarar da fara ta cinye gero.

Sau ɗaya tak sunansa ya hau takarda:
littafin haraji,
malamin ma bai rubuta shi daidai ba.

Nomau ya gaji dagi da igiya.
Rijiya tara ya haƙa,
kowacce da sunan mai gari ake kiranta.
Ta goman ta rufta da shi ran Laraba.
Tabawa ba ta ƙara shan ruwan unguwar ba,
rafi take aiken yara.

Babana ya tsaya takarar kansila,
ƙuri'a arba'in da ɗaya.
Ya yi dariya, ya ce
masu tuna ƙishirwa ke nan.

Yanzu famfo ya zo, makullinsa a aljihuna.
Dagin yana bayan rumbu,
kaza na kwanci a gefensa.

Jiya Yalwa ta ce, "Baba, mu jinin wa ne?"
Na ce ɗauko guga,
mu je ki leƙa.