Mai Ɗanɗana Ta Araha

Ƙarfe bakwai a Esteli, kafin in karya,
kafin kofi ya ɓata mini harshe,
ana jera mini karan taba uku a tebur,
da ruwan kurkure baki,
da littafin da yatsuna suka baƙanta wa gefe.
Ni ne Eulalio.
Shekara talatin da ɗaya ina ƙona hajar mai gida,
shi kuma yana biyana.

Masu tsadar suna bene, kwance a akwatin katako,
wani yaro mai taye ke shinshinarsu.
Nawa na ƙasa ne:
ɓarɓashin ganyen da aka tattaro daga tebura,
aka naɗe, aka ɗaure ashirin-ashirin a leda,
ba zobe, ba suna.

Na farko na datse masa kai, na zuƙa a bushe.
Ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari,
ɗan yaji can bayan hanci.
Na kunna, ya ci daidai,
tokarsa ta kai gaɓar yatsa kafin ta faɗi.
Bai yi mini alkawarin abin da ba shi da shi ba.
Na rubuta: mutumin kirki.

Na biyu ɗan daɗin baki ne,
an shafa masa zaƙi a leɓe.
Kafin rabi ƙarya ta ƙare,
sai ɗaci, sai warin jiƙaƙƙen kwali.
Na tofar ta taga,
kazar maƙwabta ta leƙa, ta wuce.

Na uku ya ƙi zuƙuwa.

Na san hannun.
Remigia ce, layi na huɗu, dab da ƙofa.
Tun da ɗanta ya hau mota ya yi arewa
take matse ganye kamar za a ƙwace mata.
In na rubuta an matse,
hamsin za a zabge daga lissafinta ran Asabar.
In na yi shiru,
wani magini a garin da ban taɓa gani ba
zai ba da kuɗin burodinsa,
ya zauna kan bulo da yamma,
ya yi ta zuƙa har kumatunsa su gaji.
Shi ma ba shi da mai tsaya masa
sai wannan tsohon harshen
da likita ya ce in hutar tun bara.

Na murza karan a tafin hannu,
a hankali, har ya numfasa.
Na sake kunnawa.
Ashe akwai gasasshiyar masara a cikinsa,
akwai koko ma, ɗan kaɗan, wajen ƙarshe.
Na sha har wuta ta gaida farcena.

Na rubuta: ganye mai kyau, a bar shi ya sha iska.

Da rana na bi ta layi na huɗu,
na yi kamar ina neman ashana.
Na ce, saki hannu kaɗan, Remigia,
wannan ba ya zuwa ko'ina.
Ba ta ɗago kai ba.
Ta jawo wani ganyen, ta shimfiɗa.