Ƙaramar Kujera

Shekara goma sha ɗaya ina jan bas a Sheffield,
daga gangare zuwa tudu, daga tudu zuwa gangare,
na san kowane rami, na san kowace tsohuwa da jakarta.
Yau ga ni a ɗakin girki, ƙarfe ɗayan dare,
takardar jami'a shimfiɗe gefen shayin da ya huce,
ta buɗe mini ƙofa uku, ta ce in shiga ɗaya.

Ta farko, tsarin hukuma:
wa ke biyan gidan raino, awa nawa a mako,
yara nawa ake damƙa wa hannu biyu.
Wannan lissafin na san shi.
Ni da Saude mun yi shi a bayan ambulan
watan da kuɗin rainon Barira ya haɗiye na haya.

Ta biyu, yadda yaro ke girma,
yadda harshe ke tsiro kafin haƙora su gama fitowa,
abin da ƙwaƙwalwa ke saƙawa mai ita na barci.

Ta uku kuwa, ka shiga aji ka durƙusa.

Ɗanlami ya bugo daga Zariya, ya yi dariya har da tari:
"Furfura a gemu, ka tafi Turai koyon raino?
Iya ta raine mu mu tara, wane digiri ta yi?"
Na yi shiru, don da gaskiyarsa.
Sai dai Iya ta tafi da littafinta a ƙirji,
cikinmu ba wanda ya kwafi ko shafi ɗaya.

Ranar ziyara Malama Prothero ta kai mu Burngreave
cikin yayyafin garin nan marar farko marar ƙarshe.
Ta miƙo mini kujera, tsayinta bai fi taƙi ba,
na zauna, gwiwoyina suka gaisa da haɓata.
Ta ce, "Minti ashirin.
Kada ka koyar, kada ka gyara.
Ka duba, ka rubuta."

Wani yaro, Kacper, ɗan shekara uku,
yana juye ruwa daga gajeren kofi zuwa dogo,
daga dogo zuwa gajere.
Sau bakwai. Sau goma sha tara.
Bakina na ƙaiƙayi in ce masa ruwan dai shi ne,
bai ƙaru ba, bai ragu ba.
Na cije leɓe, na danne hannu da cinya.
Can ya tsaya,
ya leƙa gindin kofin, ya ɗago ya harare ni
kamar ni na shanye masa sauran.
Na cika shafi biyu, ni da ko wasiƙa sai an roƙe ni.

A gida mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na juya mata shi da Turancina na direba.
Ta ce, "Kafin ka tanƙwara,
ka taɓa duba inda ya karkata don kansa?"
Na tuƙa bas ɗin yamma da tambayar a aljihu,
na wuce tasha guda ban tsaya ba,
wani dattijo ya bi ni da lema yana zagi.

Barci ya sace ni a kan teburin.
Da asuba na tarar Barira ta riga ni,
ta samo jan fensir,
ta ja layi ɗaya karkatacce ya ratsa akwatunan uku,
ya faɗa kan tebur, ya ci gaba abinsa.
Saude ta ce, "Sai ka buga wata."

Ban buga ba tukuna.
Na tambayi mai layin ina ya nufa.
Ta ce jirgin ƙasa ne, zai je gidan Iya,
kuma in matsa, na zauna mata a kan hanya.

Na matsa.
Har yanzu gwiwoyina na tuna kujerar nan.
Na ɗauki biro, na nemi ƙofa ta uku
a ƙarƙashin jan layin.