Igiyar Wardugu

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar fuskoki
a ɗan shagona, bayan kasuwar Dembe, a Injamena.
Ɗaga haɓa. Rufe baki. Kar ka ƙifta.
Kowa da fuskar da ya ajiye domin fasfo.
Har na gaji da masu gyara hula kafin in danna.

Kwana huɗu a bayan mota zuwa Unianga,
rairayi har cikin haƙori.
Tafkuna a jere, gishiri ya cinye wasu,
amma Buku mai daɗi ne, daga ƙasa yake tsattsafowa,
ruwan saman da aka yi, in ji su, tun ba a san raƙumi ba.
Kacala ta rufe masa rabin fuska kamar tabarma.

Wardugu ya dube ni, ya dubi tukunyar iskar da na goya,
ya ce da Larabcin kasuwa: mutumin kudu, kai kifi ne?
Ya ɗaura min igiyar rijiyarsa a ƙugu,
irin ƙullin da yake wa taguwa mai gardama.
Ja ɗaya, lafiya lau. Ja biyu, jawo ni.

Na nutse.
Sanyi ya fara shiga ta kunne.
Rana ta rako ni gaba biyu, ta ce ni nan na tsaya.
Ƙarƙashin kacala ɗaki ne mai rufi,
saiwoyi na reto kamar gemun dattawa a sahu,
numfashina na hawa ya maƙale can sama,
ƙananan madubai masu birgima suna neman ƙofa.

A gindin dutse na sami bakin.
Bai kai ƙofar rumbu faɗi ba.
Yashi na rawa a gabansa, ba ganga, ba maroƙi,
ruwa na fitowa shiru yana ture min tafin hannu.
Na kunna tocila, na cusa kai da kafaɗa.
Karfasa uku suka fito, suka tsaya gaban gilashi,
babu wadda ta gyara hula.
Na danna. Na sake dannawa.

Sai ƙafata ta taɓa laka.
Kafin in waiwaya duniya ta zama kunu,
ba sama, ba ƙasa, ba gabas balle in fuskanta.
Na tuna kuɗin hayar shago da ban biya ba.
Na tuna Tasalla, 'yata, da haƙorinta mai girgiɗi,
na ce mata kar ki taɓa, ni zan cire in na dawo.
Allurar iska na sauka,
ni kuwa ina zuƙa kamar ɓarawon da aka biyo.
Na lalubi ƙugu.
Igiya na nan, kaushinta na nan.
Ja biyu.

Mutumin da bai san ni ba sai shekaranjiya
ya jawo ni kamar guga, hannu bayan hannu,
bai ce komai ba, sai ya miƙo min dabino
da tafin da igiya ta saɓule wa fata.

Hoto arba'in da bakwai, laka ce kusan duka.
Guda ɗaya ya tsira:
rabin idon kifi, baƙin rami a bayansa,
a gefe can, igiya, miƙe, tana tafiya sama.

Ashta, mahaifiyar Wardugu, ta karɓi kyamara da hannu biyu,
ta kai ta kusa da hanci, ta daɗe.
Ta ce tun ina goye nake shan ruwan nan,
ban san yana da baki ba.
Sannan ta ce ɗauke ni ni ma,
ta gyara mayafi.

Yanzu hoton na rataye bisa teburin shago.
Masu jiran fasfo kan tambaya
ko wannan ne ya ƙone wurin wanki.
In ce a'a. Ɗaga haɓa.