Abin da Ban Saka a Lissafi Ba

Kafin in buɗe shagon nan a Garin Malam
na ƙirga komai a bayan takardar siminti:
sabulu, gawayi, bula, sitaci,
hayar ɗaki jikka takwas,
allo da jan fenti: WANKI DA GUGA, SAI LAWALI.
Lissafi ya kwanta sumul kamar wuyan sabuwar riga.
Na ce wa Habsu, kafin azumi za ki ga katifa.

Ban saka ruwa ba.
Ni da aka haifa a Damagaram,
ni da na yi wayo a layin famfo!
To, wa ke ƙirga numfashinsa?
Bazara ta kama, famfo ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Mai kura ya ninka kuɗin bido,
ya ɗora mini "sai haƙuri" kyauta.
Na koyi ɗauraye riga uku a ruwa ɗaya,
fara tukun, sai shuɗiya, baƙa daga baya,
ragowar in zuba wa bedin ƙofa.
Shi kaɗai ya yi ƙiba a wannan sana'a.

Kuran kuwa baƙon ƙarfe biyun dare ne,
kafin ka ce maraba ya ɗaura takalmi.
Na koma ga dutsen guga na gawayi.
Ran jajibirin salla tartsatsi guda,
bai kai ƙwayar gero ba,
ya sauka a ƙirjin shaddar Alhaji Kiyari.
Ɗan rami ne, yatsa ba ya shiga,
amma ribar wata biyu ta bi ta nan ta fice.

Ban saka dangi ba.
Kawu ya aiko da buhu daga Birni,
har da labulen ɗaki da hular jariri,
kuɗin wanki: "Allah ya yi albarka."
Na karɓa hannu biyu,
sai dai mai sabulu ba ya ba da canjinta.
Mai lampo ya san ƙofata
tun kafin maƙwabta su san sunana.

Mutari, da na koya wa karin wando,
na nuna masa yadda ake jin zafin dutse da yawu,
ya buɗe nasa a bakin Kasuwar Dole,
ya rage dala ashirin.
Har gobe in mun haɗu sai ya durƙusa.

Ba wanda ya faɗa mini zancen aljihu.
Ɓarin goro, takardar likita mai nauyin dutse,
lambar waya da aka naɗe sau huɗu,
rasit ɗin bashin mutumin da gari ke kira mai hali.
In busar, in mayar, in haɗiye.
Ashe rabin wanki riƙe baki ne.

Sai kuma wannan farar rigar da ke kan ƙusa.
Malam Tsahiru, gardin farmasi, mutumin Gure,
ya kawo ta ran Talata.
Ya ce, a sa sitaci kaɗan, Juma'a zan saka.
Alhamis da la'asar muka kai shi.
Na tambaya a tasha, na aika da direba,
aka ce Tsahiru nawa ne a Gure?

Wata bakwai ke nan.
Habsu ta ce, sayar, ka yi masa sadaka da rabi.
Mai ɗaki ya taɓa hannunta, ya tambayi kuɗi.
Ni dai duk safiyar Juma'a
nakan sauke ta, in kaɗe, in bi ta da dutse,
ko da gawayin ya yi tsada.

Daren jiya na ɗauko takardar simintin,
ta yi laushi, alƙalamin ya koɗe.
Ga gefen riba, ga gefen asara.
Na riƙe biro har kuran ya zo ya tafi,
ban san inda zan rubuta ta ba.